Gidan Littafi da Kiɗa a Shekarar Kulle

Masu rubuta tarihin annoba, tun daga malaman da suka ga ɗa'uni a Misra da Sham har zuwa ma'aikatan hukumomin lafiya na zamaninmu, sun saba ba da ƙarfinsu ga adadin waɗanda suka rasu, da umarnin da mahukunta suka bayar, da ranar da cuta ta shiga birni da ranar da ta sassauta. Kuma ba wanda zai ga laifinsu, gama rai shi ne gaba da kome, Ibn Hajar al-Askalani ma da ya wallafa Bazlul Ma'un a kan wannan mas'ala ya rasa 'ya'yansa mata uku ta dalilin ciwon. Amma akwai wani ɓangare na labarin da ba safai ake kula da shi ba, watau abin da ya sami ƙananan gidajen da jama'a suka kafa wa kansu domin karatu da hira da jin daɗin fasaha, waɗanda ba asibiti ba balle a ce suna ceton rai, ba kasuwa ba balle a ce suna ciyar da gari, saboda haka da hukuma ta zo rarrabe abin da yake larura da abin da za a iya haƙura da shi, suna cikin waɗanda aka fara garƙamewa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje nake so mu waiwaya, yanzu da ƙura ta lafa har mutum yana iya duban al'amarin da natsuwa.

Sunan gidan Athenaeum, yana unguwar La Jolla, wadda mutanen wurin ke furtawa La Hoya, a bakin tekun Fasifik cikin birnin San Diego, kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. Asalinsa wata ƙungiyar karatu ce da wasu mata ƙalilan suka kafa a 1894, lokacin unguwar tana ɗan ƙauye na masu zuwa shan iskar teku. A 1899 aka yi mata rajista ta zama ƙungiyar laburare, aka naɗa Ellen Browning Scripps shugabarta ta farko. Wannan baiwar Allah, wadda aka haifa a Landan a 1836 ta rasu a 1932, ta sami dukiya ta hanyar jaridun da ita da 'yan'uwanta suka kafa, ba ta yi aure ba, ta kuma ƙarar da yawancin abin hannunta a kan abin da malamanmu za su kira wakafi ko hubusi: asibiti, da makaranta, da cibiyar binciken teku wadda har yanzu take ɗauke da sunan gidansu. A 1921 aka gina wa laburaren gini na sosai bisa zanen William Templeton Johnson. Da hukumar birni ta karɓi aikin laburaren jama'a a 1955, sai ƙungiyar ta ƙi watsewa, ta keɓe kanta ga fanni biyu kaɗai, kiɗa da zane, ta buɗe sabon ɗaki dominsu a 1957. Da laburaren birni ya tashi zuwa wani gini a 1989 kuwa, sai tsohon wurin ya komo hannunta.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne irin mallakar gidan, domin a kanta sauran magana za ta ginu. Laburare ne na mambobi, irin wanda Benjamin Franklin da abokansa suka fara a Filadelfiya a 1731, sa'ad da littafi yake da tsada har mutum guda bai iya tara abin kirki, sai a haɗa kuɗi a saya a riƙa karɓa-karɓa. Da gwamnatoci suka ɗauki nauyin laburare na kyauta, galibin irin waɗannan suka mutu, waɗanda suka saura a Amurka duka ba su wuce kimanin ashirin ba. A Athenaeum kowa yana iya shiga ya zauna ya yi muɗala'a ba a tambaye shi ko kwabo ba, amma fita da littafi ko faifai sai wanda ya biya kuɗin shekara. Galibin abin da ke riƙe shi kuɗin mambobi ne, da kyautar masu hali, da abin da ake samu daga tikitin kiɗa da azuzuwan koyon zane. Kafin annoba kuwa gidan bai rasa motsi ba: akwai kantocin littattafan tarihin zane da gine-gine, da takardun da ake rubuta sautin kiɗa a kansu, da dubban faya-fayai, akwai ɗakin kiɗa ƙarami mai ɗauke da sunan Joan da Irwin Jacobs, inda mai sauraro ke zama kusa da makaɗi har yana jin numfashinsa, akwai kiɗan jaz da ake gayyato gwanayensa daga nesa, akwai kuma ɗan gajeren kiɗa na kyauta ran Litinin da tsakar rana, al'adar da ta samo asali tun 1970.

Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa korona ta game duniya, ran 19 ga watan gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya umarci mutum wajen miliyan 40 su zauna gida, jiharsa ce kuwa ta riga kowace a Amurka yin haka. Aka kulle ƙofa, aka soke jadawalin kiɗa, zanen da aka rataya a bango ya zauna ba mai gani. Gidan ya riga ya ga murar 1918 tun yana ɗan ɗakin katako, amma a cikin waɗanda ke riƙe da mabuɗansa a 2020 babu mai tuna ta.

Daga nan ne abin da ya fi ba ni mamaki ya fara, watau yadda annoba ta birkita martabar abubuwa uku da gidan ke bayarwa, littafi da kiɗa da labarin juna, ta ɗora tuhuma a kan wanda ba shi da laifi, ta bayyana haɗari a wurin da ba a zata ba, ta kuma ɗaukaka wanda aka fi rainawa.

Littafi aka fara tuhuma. A watannin farko an ɗauka cewa cutar tana bin hannu ne daga abin da aka taɓa, har mutane suna wanke kwalin abincin da suka sayo. To, ina kuma ga abin da aikinsa ke nan, ya fita daga wannan gida ya kwana a gefen gadon wancan, a buɗa shi da yatsa, a yi tari a kansa, a komo da shi? Da aka yarda laburarori su soma ba da aro, sai aka ɓullo da wata hanya wadda galibinsu a Amurka suka bi: mutum ya nemi littafi ta waya ko ta intanet, ma'aikaci ya sa shi cikin jaka ya ajiye a bakin ƙofa, mai aro ya zo da takunkumi a fuska ya ɗauka ba tare da sun haɗa hannu ba, littafin da aka mayar kuma a killace shi kwanaki kafin a taɓa, kamar matafiyin da ya fito daga garin da ake mutuwa. Har bincike na musamman aka kafa, mai suna REALM, inda masanan cibiyar Battelle ta jihar Ohio suka riƙa ɗiga ƙwayar cutar a kan bango da takarda da kwalin faifai suna duban tsawon ranta. Sakamakon farko, a Yuni 2020, ya nuna bayan kwana 3 ba a iya gano ta. Wani na baya ya nuna idan an jibge littattafan bisa juna tana iya kaiwa kwana 6. Kowane laburare ya yi ijtihadinsa a kan wannan, wani ya ce kwana uku, wani ya ce mako. Sai a Afrilu 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fito fili ta ce yiwuwar kamuwa ta hanyar taɓa wani abu bai kai ɗaya cikin 10,000 ba, aka saki littafi daga kurkuku bayan ya shekara a tsare.

Wannan tsoro tsoho ne. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an yi irinsa a Ingila da Amurka saboda agana da sauran cututtuka masu yaɗuwa, ana turara littattafai da hayaƙin magani, ana ƙona waɗansu, har wata dokar lafiya ta Ingila ta 1907 ta hana mai ɗauke da irin wannan ciwo ya ari littafin laburare. Ban ga abin dariya ga mutanen dā ko na yanzu ba, domin wanda aka ɗora wa amanar lafiyar jama'a alhali hujja ba ta bayyana ba tukuna, tsantseni ya fi masa. Abin lura dai shi ne jama'a ba su guji littafi ba duk da tuhumar, a shekarar 2020 cinikin littattafan ɗab'i a Amurka ya ƙaru da kimanin kashi 8 cikin ɗari.

Sai dai akwai wani kaso na dukiyar Athenaeum da ba ya shiga jaka. Erika Torri, haifaffiyar Jamus, masaƙiya ce kafin ta zama shugabar gidan a 1989, ta yi shekaru tana tara abin da ake kira littattafan masu zane, waɗanda littafin kansa shi ne aikin fasahar, da takardarsa da ɗinkinsa da yadda yake buɗewa. A cikinsu akwai ayyukan Ed Ruscha, wanda a 1966 ya ɗauki hoton kowane gini a wani titi na Los Angeles ya jera su a takarda guda mai naɗewa, tsawonta ya haura mita 7. Irin wannan ba a ba da shi aro ko a lokacin lafiya, hotonsa a fuskar kwamfuta kuwa ba ya gaya maka kome game da nauyinsa a hannu, ko yadda kake tafiya a gefen tebur kana bin titin da ido. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, ya ji ƙanshin fata da tawada, ya san abin da hoto ke zubarwa. Waɗannan littattafai sun yi zaman kulle na gaskiya, ba rangwame.

Kiɗa kuwa, wanda ba ya buƙatar a taɓa kome, wanda mutum zai rantse shi ne mafi tsarki daga cuta, shi ya zamo wurin haɗari. Ba mas'alar halascinsa muke ciki ba a nan, wannan Imam Gazali ya keɓe mata babi a Ihya'u, malamai kuma ba su gama jayayya a kai ba. Maganar numfashi muke yi. Ran 10 ga Maris 2020, kwana guda kafin shelar Hukumar Lafiya, wata ƙungiyar mawaƙa a gundumar Skagit ta jihar Washington ta taru domin gwaji na awa biyu da rabi. Mutum 61 suka halarta, ɗaya yana da alamun mura, daga baya fiye da 50 suka kwanta, biyu suka rasu. Wannan waƙi'a tana cikin manyan hujjojin da suka karkato da hankalin masana zuwa ga iska, cewa ƙwayar tana shawagi a ɗakin da aka rufe, kuma mai rera waƙa da mai busa suna fitar da ita fiye da mai shiru. To, duk abin da ya sa ɗakin kiɗan Athenaeum ya zama abin so, ƙanƙantarsa, da kusancin kujeru, da rufaffun tagogi domin kada ƙarar mota ta shigo, da yawan dattawa a cikin masu sauraro, shi ne ya mai da shi wurin da ba za a kuskura a buɗe ba.

A cikin Maris da Afrilun 2020 kuma mutuwa ta shiga gidan jaz ta yi ɗiba. Manu Dibango na Kamaru ya rasu a Faransa ran 24 ga Maris, Wallace Roney ran 31, Ellis Marsalis da Bucky Pizzarelli ran 1 ga Afrilu, Lee Konitz ran 15. Duka ta dalilin korona. Mai laburare da ke riƙe da faya-fayansu ya wayi gari kantarsa ta koma maƙabarta, faifan da jiya yake sanarwar mutumin da za a iya gayyatowa yau ya zama gadonsa. Waɗanda suka rayu kuma sana'arsu ta tsaya cik, domin makaɗin jaz ba albashi gare shi ba, daga dandali zuwa dandali yake ci. Majalisar Amurka ta ware wa gidajen wasa da kiɗa dala biliyan 16, amma dokar ba ta fito ba sai Disamba 2020, shafin neman kuɗin kuma da aka buɗe a Afrilu 2021 ya lalace a ranar farko, sai da aka yi makonni ana gyara. Wanda ya san yunwa ya san tsawon shekara guda.

Abin da gidan ya iya yi shi ne abin da kowa ya yi, ya koma intanet. Laccocin tarihin zane da na kiɗa suka koma Zoom, azuzuwan zane ma haka, malami yana nuna yadda ake riƙe buroshi ga ɗaliban da kowannensu ke zaune a ɗakin girkinsa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jerin da suka kira Logan Lone Piano, inda ake kawo makaɗi daga cikin makaɗan garin ya zauna gaban fiyano a reshen gidan da ke unguwar Logan Heights, ba mai sauraro ko guda, a ɗauka a sa wa jama'a kyauta. Na yaba da shi saboda bai yi ƙarya ba. Bai cika ɗakin da tafin bogi ba, bai ɓoye kaɗaicin ba, a cikin sunansa ma ya faɗe shi. Mu ma da muka yi azumin 2020 cikin kulle, aka rufe Kano a watan Afrilu, tafsiri ya koma rediyo da talabijin da waya, mun ɗanɗana irin wannan: karatun yana isowa daram, kowace kalma ana ji, amma babu kafaɗar maƙwabci, babu kabbarar da ke tashi sa'ad da malami ya warware wata aya. Allah ya yafe mini kwatanta abin nishaɗi da ibada, amma ban sami misalin da ya fi taimama dacewa ba: halal ce, ta isar a lokacin larura, wanda ya yi ta ba a ce ya sake ba, sai dai ba wanda ya ga ruwa ya ci gaba da dafa ƙasa. Malaman hadisi na dā sun san dalilin da ya sa suka fifita sama'i, watau ji daga bakin shaihi a majalisinsa, a kan samun littafinsa a kasuwa, ko da lafazin ɗaya ne.

Saura na uku, wanda ba a lissafa shi ma a cikin dukiyar laburare, watau wasiƙar labarai da ake aika wa mambobi. A lokacin lafiya wannan takarda jadawali ce kawai, a duba ranar kiɗa a manna ta a jikin firiji, a jefar idan wata ya ƙare. Da jadawali ya mutu sai ita ta rage, ita da saƙon imel da wayar da ma'aikaci zai buga wa wani tsohon mamba. Irin waɗannan wasiƙu na ƙananan ƙungiyoyi a shekarar kulle kusan duk kamanninsu ɗaya: ga sa'o'in karɓar littafi a bakin ƙofa, ga sababbin da aka sayo, ga faifan da ya dace da mai zaman gida, ga yadda ake shiga Zoom ga wanda bai taɓa ba, ga godiya ga waɗanda suka bar kuɗin tikitinsu sadaka maimakon su karɓa, ga kuma ta'aziyya. Ba balaga a ciki, ba wanda zai kira su adabi. Amma mutumin da ya shekara saba'in, wanda likita ya ce kada ya fita, 'ya'yansa suna wata jiha, jikokinsa ba a yarda su rungume shi ba, idan takarda ta zo da sunansa daga wurin da ya saba zama ran Litinin, ta shaida masa cewa wurin yana nan kuma ana lissafi da shi, to, ta yi masa abin da mujalladi ɗari a kan tarihin zanen Italiya ba su yi ba. A ganina nan ne irin mallakar gidan ta yi amfaninta. Wanda yake abokin ciniki, idan aka rufe shago sai ya nemi wani. Wanda yake ganin kansa mai gida kuwa yakan ci gaba da biyan kuɗin shekara ga ƙofar da aka kulle, domin bai ɗauke shi ladan shiga ba, ya ɗauke shi gyaran rufin ɗakinsa. Takardar labarai ita ce ta riƙa tuna masa da wannan.

Kada kuwa daɗin labarin ya rufe mana ido. La Jolla tana cikin unguwannin masu dukiya na Amurka, mambobinta da yawa suna da fansho da gida mai faɗi da intanet mai ƙarfi, kulle a wurinsu kaɗaici ne, bai kai ga yunwa ba. Logan Heights, inda aka ajiye fiyanon nan, unguwar ma'aikata ce, galibinsu 'yan asalin Meziko, irin waɗanda dokar zaman gida ta ce aikinsu larura ne, su fita su dafa, su share, su ɗauki kaya. A gundumar San Diego masu wannan asali kimanin sulusin jama'a ne, amma a shekarar farko sun haura rabin waɗanda suka kamu. Iyakar Amurka da Meziko kuma, wadda ke kudu da birnin kaɗan, an rufe ta ga duk tafiyar da ba ta larura ba daga 21 ga Maris 2020 har 8 ga Nuwamba 2021, alhali masu zane da makaɗa na San Diego da na Tijuana, birnin da ke ƙetaren iyakar, sun saba aiki tare kamar 'yan gari ɗaya. Saboda haka idan an ce ƙaunar jama'a ce ta raya Athenaeum, gaskiya ne, amma ƙauna ce mai aljihu, tana kuma tsaye a kan harsashin da Ellen Scripps da irinta suka aza shekara ɗari da suka wuce. Ƙananan gidaje da yawa masu jama'a masu ƙauna kamar wannan, waɗanda ginin da suke ciki na haya ne, ba su sake buɗewa ba. Abin da na ga ya kai ga kowa ba bambanci shi ne manyan zane-zanen da ake liƙawa a bangayen gine-ginen La Jolla tun 2010, shirin da ke ƙarƙashin kulawar gidan; waɗannan ba su da ƙofa balle a kulle, mai yawon shan iska da mai kai saƙon abinci duk sun gani.

Rigakafi ya iso a Disamba 2020, a unguwar da ta san darajarsa, domin a nan Jonas Salk, mai allurar shan-inna ta 1955, ya kafa cibiyarsa ya kuma ƙare rayuwarsa. Abin sha'awa, a tsakiyar wannan annoba ne, ran 25 ga Agusta 2020, aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, labarin da korona ta danne har bai sami murnar da ta cancance shi ba. Ran 15 ga Yuni 2021 Kalifoniya ta ɗage yawancin dokokinta. Jama'a suka komo da kaɗan-kaɗan, da takunkumi, da katin shaidar allura a wurare da dama. Waɗansu kujeru kuma ba a sake ganin masu su ba. Erika Torri ta ajiye aiki bayan fiye da shekara talatin, shugabanci ya koma hannun wata, kamar yadda ya faru a gidaje da yawa inda dattawan da suka riƙe ragama cikin guguwar suka ga lokacin miƙawa ya yi.

Cikin abin da annoba ta bari, lacca ta intanet alheri ce, domin gurgu da mara lafiya da wanda ya ƙaura zuwa wani gari sun sami ƙofar da a dā ba su da ita, kuma bai kamata a toshe ta ba don kawai masu ƙafa sun koma ɗaki. Wanda ya fi damuna shi ne darasin da waɗansu suka ɗauka cewa tun da kome yana intanet, kanta da faifai sun zama kayan tarihi. Shekarar kulle kanta ta ƙaryata wannan. Littafin lantarki da laburare ke bayarwa ba mallakarsa ba ne, haya ce mai wa'adi. Tun 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, daga nan sai a sake biya. Da cibiyar Internet Archive, mai ajiye littattafai a intanet, ta buɗe littattafai fiye da miliyan guda ga kowa a Maris 2020 da sunan agajin gaggawa, manyan maɗaba'u huɗu suka kai ta kotu ran 1 ga Yuni, ta rufe shirin a watan, a 2023 kuma alƙali ya ba maɗaba'un gaskiya. Ko mutum yana bayan marubuta da haƙƙinsu ko yana bayan masu karatu, hukuncin ya fayyace abu guda, cewa abin da laburare ke da ikon bayarwa ba da izinin kowa ba shi ne abin da ya saya ya ajiye a kantarsa. Jakar nan ta bakin ƙofa, duk da rashin kyanta, ba kamfanin da ya isa ya hana ta.

Roƙona ga mai karatu na kusa ne. Idan kana cikin wata ƙungiya, ta marubuta ce, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko kwamitin masallaci, ko ɗakin karatun unguwa, nemi abin da kuka rubuta wa juna a 2020, sanarwar soke taro, da jerin waɗanda aka kai wa tallafi, da saƙonnin ta'aziyya da ke cikin WhatsApp, ka fitar da su a takarda, ka rubuta kwanan wata da sunan ƙungiya a kai, ka damƙa wa wanda ke riƙe da kundinku tun wayar da suke ciki ba ta lalace ba.